Shimpakun Itoigawa: Bishiyar da Ta Koya wa Masu Bonsai Sana'a, Suka Kwashe Ta Daga Dutse

A gaɓar tekun da ke tsakanin Japan da nahiyar Asiya, cikin jihar Niigata, akwai wani gari mai suna Itoigawa. Idan mutum ya bar bakin teku ya nausa cikin duwatsu yana bin kogin Kotaki, zai iske dutsen Myojo, mai tsayin mita 1,188. Gefensa da ke kallon kogin bango ne na dutsen farar ƙasa a tsaye ƙyam, ya haura mita 400 daga ƙasa zuwa sama. Masana ilimin duwatsu sun ce asalinsa murjani ne da ya taru a ƙarƙashin teku shekaru kusan miliyan 300 da suka wuce. A tsagogin wannan bango ne wata bishiya 'yar dangin junifa (itacen da ganyensa ke zama kore duk shekara) take tsirowa, wadda masu sana'ar bonsai ke kira shimpaku. Duk wanda ya taɓa ganin hoton bonsai mai farin gindi a murɗe, siririn jan ɓawo na zagaye da shi, ga tulin koren ganye a sama, to ko dai ita ya gani, ko wadda aka yi ta fama a kamanta da ita.

Bonsai dai sana'a ce ta renon bishiya a cikin kasko. Ana rage mata saiwa, ana datse rassa, ana lanƙwasa su da waya, har ta tsufa ba ta wuce ƙugun mutum ba. Ba wani iri ne na daban ba. Bishiyar da ke cikin kaskon, da an dasa ta a fili da ta girma kamar 'yan'uwanta. Abin da mai renon ke nema shi ne wanda ya tsaya gaban kaskon ya ji kamar tsohuwar bishiyar dawa yake hange daga nesa. Shi ya sa tun fil azal tsofaffin itatuwan daji su ne malamansa. Na zaɓi shimpaku ne saboda a kanta aka ga wannan dangantaka tun daga farkonta har inda ta lalace, da kuma abin da aka yi bayan ta lalace.

Abin da dutsen yake yi wa bishiyar

Da hunturu, iska mai sanyi takan taso daga Saiberiya, ta ratsa teku ta ɗebi danshi, ta zo ta ci karo da duwatsun Niigata ta zubar da shi dusar ƙanƙara. Yankin yana cikin wuraren da suka fi samun dusar ƙanƙara a duniya, a kan duwatsu tana taruwa mita da yawa. Tsuntsu ne yakan ci 'ya'yan junifa ya kasayar da ƙwayar a wata tsaga da ɗan ruɓaɓɓen ganye ya maƙale. Ta tsiro. Abinci kaɗan ne, ruwan sama ba ya zama a farar ƙasa, don haka kaurin da take ƙarawa a shekara da ƙyar ido zai gan shi. Wanda ya taɓa ganin cediya ta kama tsagar dutse a ƙasarmu, ta yi shekaru ba ta fi kamu biyu ba alhali 'yar'uwarta a fadama ta zama inuwar kasuwa, ya san rabin labarin. Sauran rabin na dusar ƙanƙara ne.

Nauyin dusar yakan danne gindin ya kwantar da shi wata da watanni. Idan bazara ta zo, sabon tohon ya miƙe ya nufi haske. Hunturu ya dawo ya sake danne shi, wani lokaci ta wani gefen daban. Haka za a yi ta yi shekara ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, gindin ya murɗe ya lanƙwashe ta hanyar da hannun mutum ba zai yi tunaninta ba. Ga faɗowar duwatsu daga sama, ga zaftarewar dusar da ke karya reshe ta tafi da ɓawonsa.

A nan ne halittar junifa ta bambanta da ta yawancin itatuwa. Galibi kowane babban reshe yana da saiwar da ke shayar da shi, hanyar da ke haɗa su kuma tana bi ta gefe guda na gindin. Idan reshe ya karye, saiwarsa takan mutu, ɓawon da ke tsakaninsu ya bushe ya ɓare, amma gefen da reshensa ke raye ya ci gaba da aikinsa ba ruwansa. Bishiyar da ta rasa kashi mafi yawa na jikinta sai ta rayu da ɗan siririn layin ɓawo guda. Da yake duk girman da za ta yi a wannan layin yake taruwa, sai ya kumbura ya taso sama da mataccen itacen, ya yi jajawur. Shi kuwa mataccen, ƙaron da ke cikinsa yana hana shi ruɓewa da wuri. Rana ta ƙone shi ya yi fari, iska da ƙanƙara su cinye laushinsa su bar ƙwarin, ya fito da zane-zane masu bin tsarin itacen. Masu sana'ar suna kiran busasshen reshe jin, tuɓaɓɓen gindi kuma shari.

Babu ko lanƙwasa ɗaya a jikin irin wannan bishiya da ba ta da dalili. Duk raunukan suna gefen da ɓarnar ke fitowa. Ganyen yana inda haske yake kuma iska ta yi sassauci. Wannan, a ganina, shi ne ainihin abin da ke kama zuciyar mai kallo, ko bai san sunansa ba.

Daga Shikoku zuwa Niigata

Ba a Itoigawa aka fara ba. Shimpaku ta shiga kasuwar bonsai ne wajen ƙarshen ƙarni na 19, daga tsibirin Shikoku, musamman duwatsun Ishizuchi a jihar Ehime, wanda ƙololuwarsa mai mita 1,982 ta fi kowace tsawo a yammacin Japan. Masu kuɗin zamanin sun saba ganin tsofaffin itatuwan junifa a zane-zanen Sinawa, sai ga shi an kawo musu irinsu da rai, kuma ƙanana, daidai kasko. Farashi ya tashi. Mazauna ƙauyukan duwatsu suka bazama tono, cikin 'yan shekaru masu kyau suka yi wuyar samu a Shikoku.

Cikin matonan akwai wani mutumin Shikoku mai suna Tahei Suzuki, wanda tarihin sana'ar ba ya cika sai da sunansa. Da na gida suka ƙare sai ya shiga yawon neman wani wurin. Labarin da masu sana'ar ke bayarwa shi ne daga cikin jirgin ruwa ya hango duwatsun Itoigawa, ya ga farinsu ya yi kama da irin wuraren da ya saba samun shimpaku, ya sauka ya bincika. A farkon ƙarni na 20 ke nan. Abin da ya tarar a dutsen Kurohime, daga baya kuma a Myojo, ya fi na Shikoku: gindi ya fi murɗewa saboda dusar ƙanƙara ta fi yawa, ganye kuma siriri ne, mai laushi, kore shar, a cunkushe.

Aikin ba na wasa ba ne. Ana zagayawa ta bayan dutse a hau sama, a ɗaura igiya, mutum ya sauko yana reto a jikin bangon da guduma da ƙarfen fasa dutse. Saiwar shimpaku takan nutse can cikin tsaga, abin da za a iya fitarwa kaɗan ne, don haka da yawa daga cikin waɗanda aka tono ba su kai badi ba. Ba a lissafa su, waɗanda suka rayu kawai ake ba suna a ɗauki hotonsu. Mutane ma sun faɗo sun mutu a wannan nema. Ba na ganin matonan a matsayin miyagu. Talakawa ne na ƙauyukan da dusar ƙanƙara ke rufewa rabin shekara, bishiya guda mai kyau tana iya kawo abin da noma ba zai kawo ba. Masu saye ne suke zaune a Tokiyo da Osaka.

Kasuwar kuwa sai ƙara tsari take yi. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923, masu lambunan bonsai na birnin suka ƙaura zuwa garin Omiya da ke arewa da Tokiyo, suka kafa unguwar bonsai a 1925. A 1934 aka fara baje kolin bonsai na Kokufu a unguwar Ueno da ke Tokiyo, wanda har gobe shi ne mafi daraja a ƙasar. Shimpakun da aka sauko da ita daga dutse ta zama abin da attajirai da manyan 'yan siyasa ke alfahari da mallaka.

Akwai wani abu da nake yawan tunawa. A gindin wannan bango na Myojo, cikin kogin Kotaki, akwai manyan duwatsun jed, koren dutsen nan mai daraja. A 1956 gwamnatin Japan ta ayyana wurin a matsayin wurin halitta da ƙasa ke karewa, aka hana ɗiba. Dutsen da ke cikin ruwa ya samu kariya, bishiyar da ke rataye a samansa kuwa aka ci gaba da sauko da ita.

Fudo

Idan ana son ganin ƙarshen wannan hanya a jikin bishiya guda, sai a dubi wadda aka sa wa suna Fudo. Tahei Suzuki ne ya tono ta a yankin Itoigawa a 1910, an kuma ƙiyasta shekarunta tsakanin 600 da 1,000. An raɗa mata sunan wani abin bauta na mabiya addinin Buda da ake zana shi cikin harsunan wuta, saboda yadda mataccen itacenta ke tashi a murɗe. Ta yi ta sauya hannu, ta tsallake yaƙin duniya na biyu, lokacin da tarin bonsai da yawa suka salwanta saboda babu mai ba su ruwa, har ta zo hannun Kyuzo Murata, mai lambun Kyuka-en a Omiya, ɗaya daga cikin manyan malaman sana'ar a ƙarnin.

A 1970 aka sayar da ita ga lambun tsirrai na Buruklin a birnin Niyok. Dokar Amurka ba ta yarda a shigo da tsiro da ƙasar waje a jikin saiwarsa ba, gudun cututtuka da ƙwari, don haka sai da aka raba ta da ƙasarta. Matashiyar bishiya tana iya jure haka. Tsohuwar junifa da ke rayuwa da 'yan saiwoyi ƙalilan ba ta iya ba. Ba ta farfaɗo ba, a 1971 ta mutu. Lambun ya adana busasshen jikinta, ana nuna shi ga masu ziyara.

Babu wanda ya yi nufin kashe ta. Wanda ya sayar masani ne, masu sayen masana ne, dokar ma tana da hujjarta. Amma lissafin a bayyane yake: ƙarni shida ko fiye a jikin dutse, shekara 60 a kasko, shekara guda a baƙuwar ƙasa.

Da dutsen ya ƙare

Zuwa rabin ƙarshe na ƙarni na 20, shimpaku masu kyau da igiya za ta iya kaiwa gare su sun ƙare a Itoigawa kamar yadda suka ƙare a Shikoku. A yau jihohin Japan da dama sun sa wannan bishiya cikin jerin tsirran da ke fuskantar ɓacewa, kuma tono don bonsai na cikin manyan dalilan da ake ambata. Sha'awar kuwa ba ta ragu ba. Sai masu sana'ar suka koma yin da hannu abin da a da suke ɗaukowa a gama.

Abu na farko mai sauƙi ne, domin shimpaku tana kamawa idan an yanki reshe an dasa. Daga 'yan tsirarun bishiyoyi masu kyan ganye aka yi ta yankan rassa ana yaɗawa, har ta kai yanzu idan mai lambu a Turai ko Amurka ya ce yana da Itoigawa, irin ganyen yake nufi, ba wai daga dutsen aka sauko da ita ba. Tun tana siririya ake naɗa mata waya a murɗe ta sosai, a dasa ta a gona ta yi kauri, a tono a sake murɗawa. Ana kuma yin aure: a samu tsohon gindin wata junifa mai kaushin ganye, a aura masa rassan Itoigawa, idan sun kama a cire ganyensa na asali a hankali.

Abu na biyu shi ne mataccen itacen, kuma a nan ne gwanintar take. Ana ɓare ɓawo da wuƙa a bar layin da ke shayar da rassan da ake so. Kuskure kaɗan a wurin gane wannan layi, reshe ya mutu, wani lokaci bishiyar gaba ɗaya. Ba a yi lokaci guda. Ana faɗaɗa raunin kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara don layin mai rai ya samu kumbura. Ba a kuma yawaita rage ganye, domin ƙarfin junifa a ganyenta yake, idan an takura mata sai ta koma fitar da ganye mai tsini irin na ƙuruciyarta. Daga nan a shafa wa itacen haɗin farar ƙasa da farar wuta, wanda ke hana ruɓa ya kuma faranta shi.

Mutumin da ya kai wannan aiki wani mataki shi ne Masahiko Kimura, wanda aka haifa a Omiya a 1940. Shi ya shahara da amfani da injinan sassaƙa masu aiki da lantarki, yana rarake gindi, yana lanƙwasa abin da a da ake cewa ba ya lanƙwasuwa. Da farko dattawan sana'ar sun yi masa ca, suna ganin ya mai da bishiya katako. Daga baya ayyukansa suka yi ta cin manyan kyaututtuka, almajiransa suka watsu a duniya. Abin da masu kwaikwayonsa suka fi mantawa shi ne ya tashi ne a lokacin da tsofaffin shimpakun dutse ke ratsa hannun masu lambu kullum. Idonsa ya ƙoshi da na gaske kafin hannunsa ya kama inji.

Ni a nan nake ganin matsalar da ta fi girma a yau. Mai koyo yana kallon hoton bonsai da aka sassaƙa, wanda shi ma an kwaikwaye shi ne daga wani hoton. Kowane kwafi yana ɗaukar siffar ya yar da dalilin. Sai ka ga bishiya da busassun rassa ta kowace fuska, kamar ɓarna ta zo mata daga gabas da yamma da sama da ƙasa lokaci guda, ga ganye luf-luf, a daidaice, irin na wadda ba ta taɓa ganin wahala ba. Sai ka ga zanen da inji ya yi ya ratsa tsarin itacen a karkace, alhali iska da ƙanƙara bin tsarin suke yi. Shi ya sa ƙwararru da yawa suka fi son su tsaga bakin reshe su kama zaren itacen da filaya su yage shi, domin yagewa tana bin hanyar da itacen ya girma. Wasu kuma suna ɗiga baƙar tawada cikin haɗin farar wutar, saboda itacen dutse ba fari fat ba ne, toka-toka ne, yana da duhu a lunguna. John Naka, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya koyar da dubban mutane kafin rasuwarsa a 2004, an fi tuna shi da nasihar cewa kada a sa bishiya ta yi kama da bonsai, a sa bonsai ya yi kama da bishiya. Ana yawan maimaita maganar, amma aiki da ita yana buƙatar mutum ya bar lambu ya je inda bishiyar take ya zauna ya duba ta ina iska ke zuwa, wane reshe ya mutu, me ya kashe shi.

Akwai kuma wata dabara da ake kira tanuki: a samu mataccen gindi mai kyau, a sassaƙa masa kwari, a cusa matashiyar shimpaku a ciki ta girma ta cike shi. Manyan baje koli na Japan ba sa girmama ta, suna ɗaukar ta yaudara. Ina tare da su idan aka sayar da ita da sunan tsohuwar bishiya. Amma idan mai ita ya faɗi gaskiyar abin da ya yi, ban ga laifinta ba, ta kuma fi a hau dutse a tono mai rai.

Tsofaffin da aka sauko da su tun zamanin Suzuki adadinsu ba ya ƙaruwa, sai raguwa, don haka kuɗinsu ya kai inda ɓarayi suka shigo. A watan Janairun 2019 aka shiga wani lambu a Kawaguchi, kusa da Tokiyo, aka sace bonsai bakwai, ciki har da shimpaku da aka ce ta kai shekara 400. Abin da ya sa labarin ya zagaya duniya shi ne roƙon da masu ita suka yi wa ɓarawon a fili, cewa ko bai dawo da ita ba ya riƙa ba ta ruwa, domin ba za ta yi mako guda ba tare da ruwa ba.

Yanzu abin ya koma wasu duwatsun. A yammacin Amurka ana tono tsofaffin junifa daga duwatsun Roki da busassun tsaunukan Kalifoniya, a Sifen ma ana tono irin tasu, kuma sau da yawa rassan Itoigawa ake aura musu. Masu tonon kirki suna neman izinin hukumar gandun daji ko na mai fili, kuma sun koyi abin da matonan Myojo ba su da halin kulawa da shi: bishiyar da ke zaune a ɗan kwarmin dutse, saiwarta a dunƙule, tana iya tasowa gaba ɗaya ta rayu, amma wadda saiwarta ta nutse cikin tsaga, tono ta kisa ne, gara a ɗauki hotonta a wuce. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Sai dai takardar izini galibi wuri da adadi da girma take ƙayyadewa, kuma a irin waɗannan duwatsu girma ba ya nuna shekaru. Bishiyar da ba ta kai gwiwa ba tana iya girmar garin da ke gindin dutsen. Dokar da aka rubuta don kare manyan itatuwa ba ta ganin irin wannan, kuma ita ce daidai wadda mai bonsai ya hau dutsen nema. Ƙungiyoyin masu sana'ar ne suka san bambancin, su ne kuma ke shirya baje kolin da ke sa farashi ya tashi, don haka a wurinsu nake sa ran a fara tambayar duk wanda ya kawo tsohuwar bishiya daga ina ta fito, da izinin wa, kuma nawa ne suka mutu a hannunsa kafin wannan ta rayu.